Pus huɗu a aljihu, igiya guda a teku

Kullum a fada muna gardama kan wane rezo ya fi: mai 96 na zagin mai 90, mai 94 na yi wa mai 93 dariya, kowa na kare kamfaninsa awa ƙungiyar ƙwallo. Ni yau na zo in ɓata muku wannan gardama. Ba ta da amfani, domin abin da ke yanke mana hukunci ba cikin salula yake ba.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, farkon azumi, ina Tsarnawa wurin kawuna. Wanda ya san garinmu ya san watan Maris: albasa ta fito, buhuna jere bakin gudron har ido ya gaji, manyan motoci sun yi layi, wasu sun nufi Ƙonni, wasu Malbaza, wasu sun karya kwana sun kama hanyar Tawa. Kawu yana da kaya cikin wata mota da ta riga ta kai Gana, tana dab da kasuwar albasa ta Adjen Kotoku, kusa da Akra. Shekara da shekaru cinikinsa da mai masaukinsa na can duk bisa WhatsApp yake tafiya. A ɗauki murya a turo: buhu ya kai kaza, a sauke ko a jira? Ran nan tun hantsi murya ta ƙi tafiya. Ɗan agogon nan na gefen saƙo ya kafe. Kawu ya zare pus ya sa wani, ya sake zarewa ya sa na uku, har da na Najeriya da yake aiki da shi in ya shiga Ƙonni. Ya dube ni, ni da anka kashe wa kuɗin jami'a, ya ce: "Kai ɗan boko, mi ya hwaru? Ko megana ne sunka ƙare?"

Na ce, "Kawu, meganka na nan."

A wurinmu rezo na zuwa yana ɗaukewa, can Gana kuwa ya mutu murus. Albasa ba ta san jira ba, balle cikin zafin Maris. Kafin su samu juna da kiran kredi mai tsada, an riga an sauke kaya a farashin da Kawu bai yarda da shi ba. Har yau in an tuna masa yana tsaki.

Abin da ya faru ran nan ya faru ne a ƙarƙashin teku, gab da Kodibuwar. Igiyoyi huɗu na intanet sunka tsinke rana guda: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Dukansu suna ratsa yanki guda na ƙasan teku a bakin Abijan, ƙasa ta motsa, ta tafi da su gaba ɗaya. Ƙasashe 13 sunka ji a jika, har da mu. Jirgin ruwan gyara mai suna Léon Thévenin sai da ya taso tun daga Afirka ta Kudu, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Abin dariya, abin kuka: kwana guda kafin nan, ranar 13 ga Maris, Shugaba Tinubu ya ba da umurnin buɗe iyakar Najeriya da mu bayan watanni a rufe. Muna murna an buɗe ƙofar tudu, ta ruwa ta rufe, kuma yawancinmu ba mu ma san akwai ta ba.

Nijar ba ta da teku, kowa ya koyi wannan a lakkwal. Abin da ba a koya mana ba shi ne intanet ma kaya ne na tashar ruwa, tamkar shinkafa da taya. Muryar da ka ɗauka tana fita daga salula zuwa antan, daga antan ta shiga fibir, wannan siririn zaren gilashi da anka binne gefen hanya. Babban layin da ya tashi daga Yamai zuwa Damagaram gefen gudron ɗin nan namu yake bi. Daga nan sai ta ƙetare iyaka, ta Benin ko Burkina ko Najeriya, ta isa bakin ruwa, ta shiga igiyar teku, sau da yawa har Turai, kana ta dawo wurin wanda ka aika wa. Kowane zango da mai shi, kowane mai zango da la'adarsa. Ɗan Tsarnawa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Manoman albasa dubbai ne, daga Galmi har fadamun Ƙonni, amma ranar da motocin da ke kai ta Akra da Abijan sunka koma hannun mutum uku, to farashin buhu ba a gona za a yanke shi ba. Mutum ukun nan za su sha shayi tare su yanke.

To, abin da ke faruwa da intanet ke nan, kuma ya jima yana faruwa. Mu fara daga aljihunka mu hau sama.

Pus ɗin da kake kira Airtel, yayyenmu Celtel sunka san shi, kamfanin Mo Ibrahim ɗan Sudan. A 2005 wani kamfanin Kuwet ya saye shi kan dalar Amurka miliyar 3.4, daga baya ya sa masa suna Zain. A 2010 Bharti na Indiya ya saye harkar Zain a ƙasashen Afirka 15 a ciniki guda, dala miliyar 10.7. An sayar da mu sau biyu cikin shekara biyar, abin da munka gani kawai an sake fentin kiyos. Moov kuwa Telecel ne a da, ya faɗa hannun Etisalat na Abu Dabi, a 2015 ya koma hannun Maroc Telecom. Sai ka ce an samu sabon mai gida. Ina! Etisalat ɗin ne ya sayi kashi 53 cikin 100 na Maroc Telecom a 2014. An ciro mu daga aljihun dama an zuba a na hagu. Orange ya shigo 2008, ya yi rigimar haraji da gwamnati a ƙarshen 2018 har anka rufe masa ofisoshi kan sama da sefa miliyar 22, a Nuwamba 2019 ya sayar ya tafi. Masu saye, Mohamed Rissa mai motocin Rimbo da Moctar Thiam, su ne sunka mai da shi Zamani. Na huɗu, Niger Telecoms, shi ma haɗe-haɗe ne: Sonitel da SahelCom anka gama a 2016.

Hau mataki guda. Antan ɗin da kake ɗaga salula sama kana nema, ba dole ba ne na kamfanin da ke sayar maka da kredi. Airtel ya sayar da ƙarafansa na Nijar ga wani kamfani mai suna Eaton Towers ya koma ɗan haya a kansu. A ƙarshen 2019 American Tower na Amurka ya haɗiye Eaton ɗin, da ƙarafansa na Nijar da Burkina da Gana da Kenya da Uganda. Muna zagin yaron kiyos in rezo ya ɗauke. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Yanzu teku. Nan ne ranka zai ɓaci in kana da kishi. MainOne, ɗaya daga cikin huɗun da sunka tsinke, wata mata ce ƴar Najeriya, Funke Opeke, ta kafa shi. Ta yi aiki a Amurka, ta dawo gida ta tarar igiya guda ce tal, SAT-3, ke ciyar da yankin, a hannun tsofaffin kamfanonin gwamnati, da tsada ta fitar hankali. Ta nemo kuɗi ta ja igiya kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas, ta fara aiki 2010. Ita da igiyar Glo-1 su ne sunka karya wancan kaka-gida, farashin sari ya faɗi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da nake da ita cewa gasa tana aiki: ba wa'azi ne ya rage farashi ba, igiya ta biyu ce. To ina MainOne yau? A 2022 kamfanin Equinix na Amurka ya kammala sayensa kan dala miliyan 320. Sabbin igiyoyin da sunka fi kowa girma kuwa, Equiano ta Google ce, ta sauka Lome da Legas a 2022. 2Africa, mai tsawon kusan kilomita 45,000 da ta kewaye nahiyar, Meta ce ke ja gaba, tare da MTN da Orange da Vodafone da China Mobile da wasu ƴan kaɗan. Meta wa? Mai Facebook, mai WhatsApp, mai Instagram. Wato wanda ya mallaki kasuwar da kake zuwa, da rumfar da kake zama, yanzu ya shiga mallakar hanyar da ke kai ka can.

Can sama kuma, inda manyan dillalan duniya ke musayar kaya tsakaninsu, babban kifi bai daina haɗiyar ƙarami ba. Level 3 ya haɗiye Global Crossing a 2011. CenturyLink ya haɗiye Level 3 a 2017 kan kusan dala miliyar 34 in an haɗa da bashi, ya sake suna ya koma Lumen. A 2023 Lumen ya sayar da harkarsa ta Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka ga Colt. Sunayen nan ba za ka gan su a kiyos ba, amma su ne ke riƙe da manyan hanyoyin da sauran ke biya su bi. Kuma in sun yi faɗa, na ƙasa ke shan duka: a Oktoba 2005 Level 3 da Cogent sunka saɓa kan kuɗi, anka yanke mahaɗar da ke tsakaninsu, mutanen da sunka biya kuɗinsu cif sunka kwana biyu ba su iya isa ga juna. A Amurka ke nan, ba a Ader ba.

Na san abin da wasunku za su ce, don an sha faɗa mini a fada. Za a ce: igiyar teku ba rijiya ba ce da za a yi gayya a gina, kuɗinta ɗaruruwan miliyoyin dala ne, in manya ba su gina ba wa zai gina? Gaskiya ne, na yarda. Har ma in ƙara muku hujja: a rikicin Maris 2024, igiyar Google ɗin nan ba ta tsinke ba, kuma kanta kamfanoni da yawa sunka juya kayansu har abubuwa sunka lafa. Ba na cewa a kori kowa. Girma ba laifi ba ne. Laifin shi ne mutum guda ya zama shi ne mai hanya, shi ne mai mota, shi ne dillali, shi ne mai kaya, kuma babu wanda ke da ikon duba littafinsa. Yau yana maka rangwame don yana son ka shigo. Ranar da ƙananan masu gasa sunka mutu ko anka saye su, wa zai hana shi ƙara kuɗi? Kai da forfen jika guda?

Kuma ba kuɗi kaɗai ba ne. Wanda ya riƙe hanya yana iya rufe ta. A Maris 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, Cogent da Lumen sunka yanke hulɗa da abokan cinikinsu na Rasha. Ka so Rasha ko ka ƙi ta, ba nan zancen yake ba. Zancen shi ne kamfani biyu sun zauna a ofis sun rage wa ƙasa mai girman Rasha hanyarta ta zuwa duniya. Mu da ba mu da ko taku ɗaya na bakin teku fa? Ai mun ɗanɗana irinta da wutar lantarki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agusta, wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nigelec ke rabawa. Duk wanda ya kwana a Ƙonni ko Malbaza cikin watannin nan ya san mi ake nufi da dogaro da waya guda. Masu sayar da ƙanƙara sun sani, masu walda sun sani, ɗalibai masu karatu da fitilar salula sun sani.

Kada kuma mu yi kamar mai rufe hanya kullum baƙo ne. Ranar 24 ga Fabrairu 2021, kashegarin bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa zagaye na biyu, an kashe intanet ta salula a Nijar, ba ta dawo ba sai 5 ga Maris. Kwana goma. Ba teku ce ta motsa ba, ba Google ba ne. A cikin gida anka yi. Mi ya sa abin ya zo da sauƙi haka? Don ƙofa huɗu ce kawai za a ƙwanƙwasa. In gobe ƙofofin sun koma uku, ko biyu, aikin ya ƙara sauƙi ga duk wanda ke bisa kujera, wanda kake so da wanda ba ka so. Wannan nake so masu cewa "a haɗe su duka a ba gwamnati, zancen ƙasa ne" su tauna da kyau. Ni ma ɗan ƙasa ne, ni ma ina son abinmu ya zama namu. Amma tarihin Sonitel yana nan: a 2001 an sayar da kashi 51 ga haɗin gwiwar ZTE na Sin da LAAICO na Libiya, abin bai yi ba, a 2012 anka mai da shi hannun gwamnati. A hannun baƙo ya yi kaka-gida, a hannun gwamnati ya yi kaka-gida, iyayenmu kuwa sun san yadda ake jiran layin tarho. Kaka-gida ba ya zama alheri don an liƙa masa tuta.

Sai Starlink. Tun da gwamnati ta sa hannu da su a Oktoba 2024, aiki ya fara a Maris 2025, wasu abokaina ke ta shewa: an huta da igiya, an huta da Kwatano, intanet daga sama! Na gani da idona yadda yara ke kafa faranti bisa rufi suna sayar da wifi na awa, suna samun na cefane. Ban raina wannan ba. Ga ƙauyen da fibir ba zai kai ba ko nan da shekara ashirin, alheri ne babba. Amma ku tsaya. Mun bar igiyoyin da aƙalla kamfanoni da dama ke da hannu a ciki, mun koma tauraron mutum guda, Elon Musk, wanda ba ya zaune ƙarƙashin dokarmu, ba ya buƙatar haƙa ko taku ɗaya na ƙasarmu. Ku leƙa maƙwabta: a Oktoba 2024 Starlink ya tashi kuɗin wata a Najeriya daga naira 38,000 zuwa 75,000 dare ɗaya, sai da hukumar sadarwar ƙasar ta taka masa birki. Najeriya ke nan, mai mutum sama da miliyan 200. Mu da wane ƙarfi za mu ja da shi in mun bar sauran hanyoyin sun mutu? An gudu ba a tsira ba. Wanda ya yi zanga-zangar ƴancin kai da safe, da dare ya miƙa wuyan ƙasar ga attajiri guda, ya kamata ya sake lissafi.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne zangon tudu, fibir ɗin da ke cikin ƙasarmu, kuma nan ne ya kamata hayaniyarmu ta koma. Akwai aikin babban layin da ya ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai sunka sa wa kuɗi: sama da kilomita 1,000 a ɓangaren Nijar, daga Arlit zuwa Asamaka bakin Aljeriya, daga Difa zuwa Ngigmi bakin Cadi, daga Damagaram zuwa Magarya bakin Najeriya, daga Yamai zuwa Gaya, daga Yamai zuwa Makalondi. Da sunanmu anka karɓo kuɗin nan. Reshen Aljeriya shi ya fi burge ni, don shi ne zai iya fid da mu ta tekun arewa, nesa da ramin Abijan. Ƙofa uku da ke zuba cikin rami guda ba ƙofa uku ba ce, Maris 2024 ta koya mana.

Amma binne zare ba shi ne ƙarshen aiki ba. Tambayar ita ce wa ke riƙe da makulli, kuma da wane sharaɗi. In wanda ke riƙe da babban layi shi ne kuma ke sayar da forfe a kiyos, to zai sayar wa abokan gasarsa da tsada ya sayar wa kansa da araha, kamar mai motar da shi ma yana da albasa cikin lodin. Buhunka ne zai kwana a tasha. Shi ya sa nake cewa a raba biyun: mai riƙe da layi ya tsaya ga sari, ya sayar wa kowa farashi guda, kuma farashin a rubuta shi a fili inda ɗan jarida da ɗalibi za su iya karantawa. Hukumar ARCEP don wannan anka kafa ta, ba don ta riƙa fid da sanarwa in an yi kuka ba. Ina son ranar da matasa biyar a Ƙonni ko Illela za su haɗa jari, su karɓi lasisi da kuɗin da mutum zai iya biya, su sayi jiga a sari daga zaren da ke wucewa ƙofar gidansu, su raba wa kasuwa da lakkwal da asibiti. Yanzu zaren na bi ta ƙarƙashin ƙafarmu yana wucewa, mu kuwa muna hawa tudu muna ɗaga salula.

Haka nan saƙon da ya tashi daga Tsarnawa zuwa Malbaza, daga wannan rezo zuwa wancan, bai kamata ya je yawon Turai ba. A tilasta wa kamfanonin su yi musayar kayan cikin gida a cikin gida, a kuma faɗa mana kashi nawa ke tsayawa nan. Duk wata haɗewa ko saye tsakanin masu riƙe da layi, da antan, da pus, a kawo ta gaban jama'a kafin a sa hannu, ba mu ji a rediyo bayan an gama ba. Kashe intanet kuma, in har wani ya ce dole ne, ya je gaban alƙali ya faɗi dalili da adadin kwanaki, a rubuce.

Na koma gida kwanan baya, na tarar Kawu ya ƙara pus na huɗu, ya ɗaure su cikin leda da roba a aljihun gaba, kusa da carbi. Ya ce yanzu ko mi ya faru ba za a sake kama shi ba. Na zauna bisa buhu na zana masa a ƙasa da tsinke: ga Tsarnawa, ga Dosso, ga Gaya, ga Kwatano, ga teku, ga inda layukan nasa ke haɗuwa. Ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya ce, "To wanga zaren da ka ce yana bin gudron, wa za mu gani a kansa?" Na ce masa Yamai ake zuwa. Ya ce in rubuta takardar, shi zai zagaya rumfunan ƴan albasa ya karɓo sa hannu kafin motocin Maris su fara lodi.